Tekun Atlantika bai kai faɗin da tikitinmu ke nunawa ba

Duk alhajin da ya taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda ya yi tafiyar da ta fi tsallaka Tekun Atlantika daga Afirka zuwa Kudancin Amurka tsawo. Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne ta sama. Daga Dakar ta ƙasar Senegal zuwa Natal, birnin da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Brazil, kilomita 3,000 ne da 'yan kai. Jirgin fasinja na zamani zai cinye wannan tazara cikin kimanin awa huɗu.

Amma ɗan kasuwar Kano ko na Legas da ke da harka a São Paulo ya shafe shekaru yana biyan kuɗin wata tafiya daban. Idan ya bi ta Addis Ababa, sai ya fara yin kilomita 3,900 zuwa gabas, wato ya juya wa inda za shi baya, sannan ya sake ratso nahiyar ya ƙara wasu kilomita 9,900. Jimilla kusan 13,800 ke nan, alhali miƙaƙƙiyar hanya daga Legas zuwa São Paulo ba ta cika kilomita 6,400 ba. Idan ta Paris ya bi, lissafin ya haura 14,000, ga kuma wahalar neman bizar yada zango da ƙasashen Turai ke ɗora wa mai fasfon Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba.

Wannan ne ya sa aka yi murna lokacin da Najeriya da Brazil suka sa hannu kan yarjejeniyar sufurin jiragen sama a watan Agustan 2025, yayin ziyarar Shugaba Bola Tinubu a can, aka kuma ambaci kamfanin Air Peace a matsayin wanda zai riƙa jigila tsakanin Legas da São Paulo. Mu ma muna maraba da ita. Sai dai sa hannu a takarda da bikin tashin jirgin farko su ne mafi sauƙi a wannan harka. An sha buɗe layin jirgi a kan wannan teku, an kuma sha rufewa. Tarihin mashigin, wanda ƙananan filayen jirgi ne suka rubuta mafi yawansa, ya nuna abin da ke raya layi da abin da ke kashe shi, kuma ya kamata masu tsara wannan sabon yunƙuri su karanta shi.

Masu kai wasiƙa ne suka buɗe hanya

Wasu hafsoshin ruwa biyu 'yan Portugal, Gago Coutinho da Sacadura Cabral, su ne suka fara tsallaka kudancin Atlantika ta sama a 1922, daga Lisbon zuwa Rio de Janeiro. Sun yi ta ne zango-zango, tsibiri zuwa tsibiri, sai da suka yi amfani da jirage har uku kafin su isa. A Oktoban 1927 Faransawa biyu, Costes da Le Brix, suka tsallaka ba tare da tsayawa ba, daga garin Saint-Louis na Senegal zuwa Natal.

Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Jean Mermoz. A watan Mayun 1930 ya ɗauko buhunan wasiƙa daga Saint-Louis a wani jirgi mai inji ɗaya da ke sauka a kan ruwa, ya yi kimanin awa 21 a sama kafin ya isa Natal. Daga nan wasiƙar da a da ke jiran jirgin ruwa ta fara isa Kudancin Amurka cikin 'yan kwanaki. Tekun kuma shi ya ci Mermoz ɗin: a ranar 7 ga Disamban 1936 ya tashi daga Dakar, ya aiko da gajeren saƙo cewa zai kashe ɗaya daga cikin injinansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wata shida bayan haka Ba'amurkiyar nan Amelia Earhart ta tsallako daga Natal zuwa Saint-Louis, ta wuce Dakar, Gao, Fort Lamy da yanzu ake kira N'Djamena, El Fasher da Khartoum, a tafiyarta ta kewaya duniya da ita ma ba ta dawo daga cikinta ba.

Saint-Louis da Natal ba manyan birane ba ne a lokacin, ba kuma don arzikinsu aka zaɓe su ba. An zaɓe su ne saboda a nan ne nahiyoyin biyu suka fi kusantar juna, jirgin wancan zamani kuwa duk kilomita ɗari da aka rage masa na iya zama ita ce tsakanin isa da nutsewa.

Tsibirin da ya raba teku gida biyu

A Yaƙin Duniya na Biyu ne wannan lissafi ya iso har ƙofar Kano. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, Tekun Bahar Rum ya zama hatsari ga Birtaniya, ga shi tana buƙatar jiragen yaƙi a Masar. Sai ta fara kawo su cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu take Ghana, a harhaɗa su a can, a tuƙa su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Khartoum, sannan su gangara Alƙahira. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne matakin gwamnan Chadi Félix Éboué, wanda ya bi bayan Janar de Gaulle a Agustan 1940. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Kano ba baƙuwar jirgi ba ce a lokacin, tunda jiragen sojin saman Birtaniya uku sun sauka a cikinta tun Nuwamban 1925, kuma Imperial Airways ya fara zuwa daga Khartoum a 1936. Yaƙin ne dai ya mayar da ita babban zango.

Da Amurka ta shigo, ita ba ta tsaya ga akwatuna ba. Ta so jiragenta su taso da fukafukansu daga Florida, su gangaro ta tsibiran Karibiyan zuwa Natal, su tsallako Afirka su haɗe da hanyar Kano. Matsalar ita ce Dakar, wadda ta fi kusa, tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai ɗasawa da Jamus, ba a kuma buɗe ta ga dakarun ƙawance ba sai bayan Nuwamban 1942. Daga Natal zuwa Accra kai tsaye kimanin kilomita 4,100 ne. Manyan jirage masu inji huɗu na iya kaiwa, amma masu inji biyu da ƙananan jiragen yaƙi sai an cusa musu ƙarin tankunan mai, kuma ko hakan kasada ce.

Maganin ya fito daga wani tsibiri mai duwatsun aman wuta da Birtaniya ke mulka, Ascension, wanda faɗinsa duka murabba'in kilomita 88 ne, yana zaune shi kaɗai kimanin kilomita 1,600 daga gaɓar Afirka. Sojojin injiniya na Amurka sun sauka a can a ƙarshen Maris ɗin 1942, suka fasa dutse da nakiya, cikin wata uku da 'yan kwanaki jirage suka fara sauka. An sa wa filin suna Wideawake, sunan wasu tsuntsayen teku da ke ƙwai a wurin dubbai, waɗanda suka zame wa matuƙa alaƙaƙai wajen tashi.

A dubi lissafin da kyau. Natal zuwa Ascension kilomita 2,300 ne, Ascension zuwa Accra 2,200. Idan aka haɗa 4,500 ke nan, wato an ƙara wa tafiyar kilomita 400. To amma tsalle mafi tsawo da jirgi zai yi ba tare da ganin ƙasa ba ya ragu kusan rabi, kuma wannan ne lambar da ta dami matuƙi. An ƙiyasta cewa jirage kimanin 25,000 ne suka yada zango a wannan ɗan tsibiri kafin yaƙin ya ƙare, da yawansu kuma daga Accra Kano suka nufa, wasu kilomita 1,200 a gaba. Gano tsibirin kansa aiki ne a zamanin da ake dogara da taurari da siginar rediyo, domin wanda ya kauce masa ba shi da wani wurin sauka, mai kuma ba zai kai shi Afirka ba. A can ɗaya gefen, filin Parnamirim na Natal ya cika da jirage dare da rana, har Shugaba Roosevelt ya tsaya a birnin a Janairun 1943 ya gana da Shugaba Getúlio Vargas na Brazil a hanyarsa ta komawa daga taron Casablanca.

Abin lura a nan shi ne, shekara tamanin da suka wuce, da jiragen da ba su kai rabin gudun na yau ba, an iya tashi daga Brazil a kwana a Kano cikin 'yan kwanaki, kuma ana yi a kai a kai. An yi ne saboda akwai masu buƙata ƙwarai, akwai kuma masu biyan kuɗin titi da mai da rediyo da ma'aikata a kowane zango.

Nisan taswira daban, na matuƙi daban

Lambobin da muka kawo a sama duka na gajeriyar hanya ne, irin wadda za a samu idan aka ja zare a kan ƙwallon taswirar duniya tsakanin wurare biyu. Ita ce lambar da wayar hannu ke bai wa mai tambaya. Amma hango Dala ba shiga birni ba ne. Jirgi ba ya bin zaren nan daidai. Yana bin layukan da masu kula da sararin sama suka shata, yana kauce wa hadari, yana fama da iska, kuma dole ya ɗauki man da zai kai shi wani filin na daban idan wanda ya nufa ya rufe, da ƙarin na shawagi.

A wannan mashigi hadari ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar ta ratsa yankin da iskar arewa da ta kudu ke haɗuwa, shi ne kuma yankin da ke hawowa ya kawo mana damina. A kan teku yana tara gizagizai masu tsayi da sukan haura inda jiragen fasinja ke tafiya. A cikin irin wannan yanayi ne jirgin Air France mai lamba 447 daga Rio zuwa Paris ya faɗi a ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudu, matuƙan kuma suka kasa gane halin da jirgin ke ciki. Ya ɓace ne dab da iyakar sararin da Brazil ke kula da shi da wanda cibiyar Dakar ke kula da shi, inda babu na'urar radar, aka kuma shafe sa'o'i kafin a tabbatar cewa ya ɓace. Sai a 2011 aka gano tarkacensa a zurfin kusan kilomita huɗu.

Akwai kuma dokar da ta sa ƙananan filayen nan ke da muhimmanci har gobe, ko da jirgi bai sauka a cikinsu ba. Tun 1953 hukumar jiragen saman Amurka ta hana jirgi mai inji biyu yin nesa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya, wato kimanin kilomita 750. Da injina suka ƙara aminci, aka sassauta zuwa minti 120 a 1985, sannan 180 a 1988, a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS. A 2014 an amince wa Airbus A350 har minti 370. Ma'anar wannan ita ce kafin jirgi mai inji biyu ya tashi daga Legas ya nufi Brazil, sai an zana da'ira kewaye da kowane filin da zai iya karɓarsa, kamar Abidjan, Monrovia, Ascension da Recife, kuma dole hanyarsa ta kasance cikin waɗannan da'irori daga farko har ƙarshe. Idan aka rufe fili ɗaya, da'irarsa ta goge, hanya ta lanƙwashe, mai ya ƙaru.

Wannan ba lissafin takarda kawai ba ne. A Janairun 2013 wani jirgin Delta samfurin Boeing 777 da ya taso daga Johannesburg zai tafi Atlanta ya samu matsalar inji a tsakiyar teku, a Ascension ya sauka, tsibirin da mazaunansa kimanin 800 ne. A 2017 kuma titin Wideawake ya lalace har aka hana manyan jirage sauka, jiragen sojin Birtaniya masu zuwa tsibiran Falkland suka koma shan mai a Cape Verde da Dakar, ba a kammala gyaran ba sai a 2023.

Izinin ETOPS ɗin ba ya zuwa tare da jirgi kamar taya. Kamfani ne ke nema, hukumar ƙasarsa ta duba yadda yake gyara injina, yadda yake horar da matuƙa da injiniyoyi, da tarihin lalacewar injinansa, sannan ta ba shi. Tashi zuwa Landan ko Jidda, inda filayen sauka ke jere a ƙarƙashin jirgi, bai gwada kamfani ko hukumar NCAA kamar yadda tsakiyar Atlantika za ta gwada su ba. Muna fata a ɗauki wannan ɓangare da muhimmancin da ya dace, a kuma bayyana wa jama'a matakin izinin da aka bayar.

Zama a kan hanya ba ya ciyar da filin jirgi

Darasi na biyu ya fi ɗaci, kuma Kano ta san shi. Bayan yaƙi, jiragen BOAC, KLM da Sabena masu zuwa kudancin Afirka a Kano suke shan mai, saboda ita ce zangon farko bayan Sahara. Da jirage masu cin dogon zango suka fito, sai suka riƙa wucewa ta sama. KLM, wanda ya fi kowa daɗewa, ya daina zuwa a 2012. Haka ya faru da Dakar, wadda a da jiragen Turai masu zuwa Kudancin Amurka ba su da makawa sai sun tsaya a cikinta.

Tsibirin Sal na Cape Verde ma haka. Italiyawa ne suka gina filinsa a 1939 don jiragensu masu zuwa Rio, daga baya ya ci moriyar jiragen Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata, lokacin da ƙasashen Afirka suka hana su ratsa sararinsu. Da wariya ta ƙare, wannan kasuwa ta tafi. A 2019 wani kamfani mai alaƙa da Icelandair ya sayi kaso 51 cikin 100 na kamfanin jiragen Cape Verde da niyyar mayar da Sal mahaɗa tsakanin Afirka, Turai, Amurka da Brazil, har aka buɗe layin Legas a ƙarshen shekarar. Tunanin mai kyau ne a taswira. Annobar korona ta zo ta tsayar da komai, a 2021 gwamnatin ƙasar ta karɓe kamfaninta.

Ita kanta Natal ta gina sabon fili a 2014, shekarar gasar cin kofin duniya, da fatan zama ƙofar Brazil. Fasinjoji ba su zo yadda aka zata ba, har kamfanin da ke tafiyar da filin ya nemi mayar da kwangilarsa a 2020. Ethiopian Airlines kuma, da ya fara zuwa Brazil a 2013, ta Lomé yake bi, abin da ya bai wa Afirka ta Yamma hanya ta kusa. Daga baya ya cire Lomé ya koma tashi kai tsaye daga Addis Ababa, inda fasinjojinsa na Asiya da Gabas ta Tsakiya ke haɗuwa. Kafin su duka, kamfanin Varig na Brazil ya yi jigila zuwa Legas da Abidjan, ya bari.

Duk waɗannan wurare suna nan inda suke, teku bai ƙara faɗi ba. Abin da suka rasa shi ne mutanen da za su cika kujeru a kowane mako, zuwa da dawowa, rani da damina.

Wa zai cika kujerun?

Nan ne muke ganin ya kamata gwamnati da kamfanin su faɗa wa kansu gaskiya. Ciniki tsakanin Najeriya da Brazil gaskiya ne yana da yawa, amma mafi nauyinsa ɗanyen sukari ne da ke zuwa matatunmu da takin yuriya da ke tafiya gonakinsu, kuma waɗannan kayan jirgin ruwa ne. Ba su sayen tikiti. Masu sayen tikiti su ne 'yan kasuwa, injiniyoyin da ke kula da jiragen Embraer da kamfanoninmu suka saya, masu harkar noma da kiwo da ke zuwa ganin irin shanu da injinan Brazil, ɗalibai, 'yan ƙwallo, da masu ziyarar tushe.

Na ƙarshen nan ba ƙaramar kasuwa ba ce idan aka kula da ita. Jihar Bahia cike take da jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yanki. An fi sanin alaƙarta da Yarabawa, amma Hausawa ma an kai su da yawa a farkon ƙarni na 19, su ne kuma suka jagoranci yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814, kafin babban tawayen Musulmi na 1835 a birnin Salvador. Waɗanda suka dawo sun kafa unguwar 'yan Brazil a Legas da al'ummar Tabom a Accra. Salvador kimanin kilomita 5,100 ce daga Legas, kusan daidai da Landan.

Duk da haka, waɗannan mutane kaɗai da wuya su cika babban jirgi mai kujera 300 sau uku a mako. Layin zai rayu ne idan Legas ta zama mahaɗa, inda fasinjan Kano, Yamai, Accra, Douala da N'Djamena zai sauka ya hau na Brazil da tikiti ɗaya, kayansa su wuce ba tare da ya karɓe su ba. Wanda ya taɓa sauya jirgi a Legas ya san yadda abin yake: a fita daga ɓangaren jiragen cikin gida, a nemi mota, a shiga cunkoso, a sake bin layi. Baƙon da ya zo wucewa kawai kuma ba a tanadar masa hanya mai sauƙi ba. Lomé, da ƙaramin filinta, ta fi Legas iya wannan aiki, shi ya sa kamfanin Asky ya mayar da ita cibiya. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya ta Afirka da aka ƙaddamar a Janairun 2018, amma haraji da kuɗaɗen da ake lafta wa tikitin yankin har yanzu suna sa gajeriyar tafiya tsakanin maƙwabta ta yi tsadar zuwa Turai.

A can ma sai an samu abokin hulɗa. Brazil ta fi Najeriya faɗi sau tara. Fasinjan da aka sauke a São Paulo, alhali Goiânia ko Salvador za shi, yana buƙatar yarjejeniya tsakanin kamfanin da ya kawo shi da ɗaya daga cikin LATAM, Gol ko Azul.

A duba Recife

Shawararmu ita ce kada a kafe a kan São Paulo da babban jirgi kaɗai. Recife, a arewa maso gabashin Brazil, kimanin kilomita 4,500 ce daga Legas, wato ta fi Landan kusa da kusan kilomita 500, kuma cibiya ce ta kamfanin Azul da ke rarraba fasinjoji zuwa sassan ƙasar. Irin wannan tazara ba ta buƙatar babban jirgi a yau. Kamfanin TAP na Portugal yana amfani da Airbus A321LR, mai kujeru ƙasa da 200, daga Lisbon zuwa biranen arewacin Brazil irin su Natal da Belém, kuma Lisbon zuwa Natal ya haura kilomita 5,600. Jirgin da kujerunsa ba su da yawa ya fi saurin cika, asararsa a makon da kasuwa ta yi sanyi ta fi sauƙin ɗauka, kuma ana iya tashi da shi sau da yawa a mako, abin da ɗan kasuwa ya fi so a kan girman jirgi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Masu ja da wannan za su ce kuɗi da masana'antu suna São Paulo, kuma ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar kaya da yawa a cikinsa. Suna da gaskiya a duka biyun. Amma layin da ke tashi sau huɗu a mako zuwa Recife da kujeru cike ya fi amfani ga matafiyi a kan wanda ke tashi sau ɗaya zuwa São Paulo rabinsa wayam, a soke shi bayan wata takwas. Ana iya fara ɗaya a gina ɗayan a kansa.

Sauran abubuwan suna hannun gwamnati ne kai tsaye. Biza ta farko: jirgi kai tsaye ba shi da amfani ga wanda zai jira makonni kafin a buga masa izinin shiga, don haka sauƙaƙa wa 'yan kasuwa da ɗalibai biza ya kamata ya tafi tare da yarjejeniyar jiragen. Sai canjin kuɗi. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, Emirates ma ya dakatar da zuwa na kusan shekara biyu. An warware mafi yawan wannan matsala, amma duk kamfanin Brazil da zai yi tunanin zuwa Legas ko haɗa tikiti da na Najeriya zai tuna da ita.

Muna kuma kira ga Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta riƙa wallafa alƙaluman wannan layi duk wata uku: sau nawa aka tashi, sau nawa aka soke, kujeru nawa aka cika, fasinjoji nawa ne suka fito daga wajen Legas. Gwamnonin Arewa da 'yan majalisarta da ke yawan kokawa kan yadda aka yi watsi da Filin Jirgin Malam Aminu Kano su ma suna da abin nema takamaimai a nan, wato jirgin Kano zuwa Legas da aka daidaita lokacinsa da na Brazil, a kan tikiti ɗaya, da tantance kaya da fasfo tun daga Kano.